Darasi: Tabon da ke fitowa a hoto bayan maganin sankarar maƙoshi

Babu wanda ya girma a Arewa bai san maƙoƙo ba. A kasuwar Dogon Dutsi ko ta Matankari, ko a bakin rijiya cikin ƙauyukan Dallol Mawri, akan ga mace da kumburi a gaban wuya. Wata tana rufe shi da mayafi, wata kuwa ta saba da shi har ta manta. Tsofaffi sukan ce ruwan rijiya kaza ne, ko kuma gado ne daga dangin uwa. Likitoci sun gano cewa yawancinsa yana zuwa ne daga ƙarancin wani sinadari a abinci, wato iyod, wanda ƴan'uwanmu na wajen Sakkwato da Kabi ke kira aidin. Muna nesa da teku, ƙasar nomanmu kuma ba ta da shi da yawa. Shi ya sa tun tsakiyar shekarun 1990 hukumar Nijar ta wajabta a sa iyod a gishirin da ake sayarwa. Gishirin Foga da na Bilma, in ba ƙara musu aka yi ba, ba sa biyan wannan buƙata.

Kada mai maƙoƙo ya tsorata da wannan darasi. Cikin ƙulli 10 da ake samu a gaban wuya, wajen 9 ba sankara ba ne. Maganarmu a yau ta shafi ɗayan da ya rage, da abin da yakan faru bayan an yi masa magani.

Tsokar da ke shan iyod

A ƙasan zakaran wuya akwai wata ƴar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci na kiranta tiroyid. Nauyinta wajen giram 20 ne, amma ita ke haɗa sinadarin da ke tsara saurin bugun zuciya, da zafin jiki, da yadda abinci ke zama ƙarfi. Da iyod take wannan aiki, don haka duk inda ya shiga jini sai ta jawo shi ta ajiye. Idan ba ta samu isasshe ba sai ta kumbura tana nema, maƙoƙo ke nan.

Wani lokaci ƙwayoyin halittar wannan tsoka sukan lalace su zama sankara. Cutar ta fi kama mata, kusan mata 3 a kan namiji 1. A shekarar 2022 an ƙiyasta sababbin masu ita sama da 800,000 a duniya, waɗanda ta kashe kuma ba su kai 50,000 ba. Wato tana cikin sankarar da ta fi jin magani, in an zo da wuri. Maganin farko tiyata ce, a cire tsokar. Daga nan mutum zai riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya har ƙarshen rayuwarsa, ta maye gurbin aikin abin da aka cire.

Sai dai wuƙar likita ba ta iya kwashe komai tas. Kusa da tsokar akwai jijiyar murya, kuma ba a son a taɓa ta, saboda haka ɗan ɓurɓushi yakan rage. Wasu ƙwayoyin cutar ma sukan riga su gudu zuwa kaluluwar wuya, ko huhu, ko ƙashi. Abin da ya taimaki likitoci shi ne yawancin irin wannan sankara ba ta barin halin gidansu: ko ina ta je, tana shan iyod.

Iyod mai haske

Akwai wani nau'in iyod da ake kira iyod 131. Jiki ba ya bambanta shi da na gishiri, amma shi yana fitar da haske iri biyu waɗanda ido ba ya gani. Na farko gajeren zango ne, ba ya wuce milimita 2 a cikin nama, kuma shi ke ƙone ƙwayar da ta haɗiye shi. Na biyu yana ratsa jiki ya fito waje, inda na'ura za ta iya kama shi. Da magani ɗaya ke nan ake kashe cutar, a kuma ga inda ta ɓuya.

Masana biyu, Glenn Seaborg da John Livingood, suka fara samar da shi a Amurka a 1938. A 1941 likita Saul Hertz na birnin Boston ya fara ba marasa lafiyar tiroyid iyod mai haske. A 1946 kuma Samuel Seidlin na asibitin Montefiore a New York ya bayyana yadda wani mutum da sankarar ta bazu a jikinsa ya samu sauƙi ta wannan hanya. Maganin ya haura shekara 80 ana aiki da shi, ba gwaji ba ne.

Ana shan sa a ƙwanso ko a ruwa, galibi sau ɗaya. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 8. Mu kwatanta da gero: in kana da tiya 40, bayan kwana 8 saura 20, bayan kwana 16 saura 10, bayan kwana 24 saura 5. A jikin mutum ma ya fi haka saurin tafiya, domin mafi yawan abin da tsokar ba ta kama ba yana fita ta fitsari a kwana biyun farko. Wannan saurin lalacewa ya sa ba a iya ajiye shi a kanti kamar sauran magunguna. A tukunyar nukiliya ake yin sa, irin wadda ke Pelindaba a Afirka ta Kudu, sannan a ɗauko shi a jirgin sama. Abin ɗaure kai: tun 1971 ake haƙar uraniyom, wanda irin wannan tukunya ke aiki da shi, a Arlit, amma mu da ke da ma'adinin sai mun jira jirgi.

A Nijar, aikin likitancin nukiliya yana Yamai, a cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni. A Yamai ɗin ne kuma Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa ta fara gashin sankara da na'ura a 2021, amma wannan wani magani ne dabam, kada a haɗa su. A Najeriya akwai irin wannan sashe a asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Mutumin Dankasari ko Dumega da za a yi wa wannan magani yana da doguwar hanya a gabansa: daga ƙaramin asibitin garinsu zuwa na gunduma, daga nan Doso, sannan Yamai, fiye da kilomita 250 daga Dogon Dutsi, wani ma sai ya ƙetare iyaka. Wanda ya sayar da tumaki ya yi wannan tafiya ya cancanci a karanta hotonsa daidai.

Yadda hoton yake

Bayan kwana kaɗan da shan maganin, yawanci tsakanin 3 zuwa 7, sai a kwantar da mutum a ƙarƙashin wata na'ura mai suna kamarar gama. Tana bin sa a hankali daga kai har ƙafa, gaba da baya. Ba kamar hoton ƙashi da muka sani ba, inda haske ke fitowa daga na'ura ya ratsa jiki. A nan mutumin ne fitilar. Abin da ke fita a takarda inuwar jiki ce dishi-dishi, da baƙaƙen tabo a duk inda iyod ya taru.

Ka tsaya a kan tudu da dare ka hangi ƙauye. Ga haske can a wani gida. Ka san akwai wuta, amma ba ka san ko murhu ba ne, ko tocila a hannun yaro, ko rumbu ne ya kama. Haka wannan hoto yake. Iyod yake gani, bai san sankara ba. Sannan kuma a shimfiɗe yake kamar inuwa a bango, don haka tabon da ya fito a daidai ƙirji yana iya kasancewa a cikin huhu, ko a kan fata, ko a aljihun riga.

Wasu tabon likita na jiran su tun kafin ya duba. Ɗaya a wuya, inda ɓurɓushin tsokar ya rage. Wasu a kumatu da ƙarƙashin haɓa, inda miyau ke fitowa, da cikin hanci, da tumbi, da hanji, da mafitsara. Hanta ma takan yi duhu-duhu gaba ɗaya. An daɗe ana ganin haka kafin a san dalili sosai. A 1996 wata masaniya, Nancy Carrasco, da abokan aikinta a New York suka fayyace ƴar ƙofar da iyod ke bi ya shiga ƙwayar halitta. Ashe ba tiroyid kaɗai ke da ita ba. Akwai ta a tushen miyau, da bangon tumbi, da nonon mace mai shayarwa. Saboda haka miyau, da majina, da hawaye, da zufa, da fitsari, da ruwan nono, duk suna ɗauke da iyod mai haske a waɗannan kwanaki. Duk inda ɗayansu ya ɗiga ya bushe, na'ura za ta gan shi.

Wani misali

Mu ƙaddara wata mata ce daga wani ƙauye kusa da Geceme, mai shekara 35. An yi mata tiyata, ta sha maganin, an ɗauki hoto. Bayan tabon da aka saba gani, sai ga wasu uku: ɗaya a tsakiyar kai, ɗaya a ƙasan kafaɗar hagu, da duhu a ƙirji dama da hagu. Mijinta ya leƙa takardar, jikinsa ya yi sanyi. A ransa ciwon ya kai ƙwaƙwalwa da huhu, sai a koma gida a jira ikon Allah.

Likitan bai ce komai ba tukuna. Ya dubi matar.

"Hajiya, yaushe rabonki da wanke kai?"

"Tun kafin mu taso daga gida, likita. Kitso aka yi mini na tafiya, ban so in ɓata shi."

"Kina tofi?"

"Safe da yamma. In na gama addu'a in tofa a hannu in shafe kaina da jikina."

"Wannan ƙyallen da ke soke a rigarki fa?"

"Na share baki ne. Tun da na sha maganin nan miyau ke damuna."

Ya juya ga mijin. "Malam, a samo mata sabulu da wasu tufafi. A tsefe kitson, ta wanke kai sosai, ta yi wanka, ku dawo da la'asar."

Da aka sake ɗauka, tabon kai ya tafi, na kafaɗa ma haka. Na ƙirji yana nan. Likita ya tambayi shekarun autanta, ta ce wata huɗu ke nan da yaye shi, amma in ta matsa har yanzu ruwa na fita. Aka ɗauki hoton daga gefe, sai ga duhun a gaba, cikin nono, huhu kuma fes.

Ba ƙirƙirar abin da ba ya faruwa aka yi ba. Likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta labarin tabon da ya zama hankici ne a aljihu, ko gashin da aka jiƙa da miyau, ko ɗigon fitsari a wando, ko tabar da ake taunawa. A wajenmu hanyoyin sun fi haka yawa. Mai cin goro da mai ƙunsa taba ba sa rabuwa da tofar da miyau. Asuwaki yana kwana a aljihun gaba, daidai kan zuciya. Rawani da kallabi suna shan zufa, musamman a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Laya da guru suna manne da fata wata da watanni, fatar da aka ɗinke su da ita kuma tana tsotse gumi. Babu wanda ya ce a bar addu'a ko a jefar da laya. A dai cire ta lokacin hoto, a gaya wa likita. Tofi kuma a waɗannan kwanaki kada a yi wa yara.

Maganar nono tana da nauyi fiye da ruɗin hoto. Nonon da ke da ruwa yana tara iyod mai yawa, hasken ya ƙone shi a banza, jaririn da ya sha kuma tasa tsokar ce za ta lalace. Ƙa'ida ita ce a daina shayarwa aƙalla mako 6 kafin magani, kuma ba a komawa shayar da wannan yaron. Wanda za a haifa nan gaba ana iya shayar da shi lafiya. Mai ciki ba a ba ta maganin sam, wadda ta sha kuma ta jira wata 6 zuwa shekara kafin ta ɗauki ciki. A ƙasar da ake shayarwa har kusan shekara 2, wannan shawara ce da miji da uwar miji ya kamata su ji da kunnensu, domin matar ita kaɗai ba za ta iya zartar da ita ba.

Tabon da sabulu ba ya wankewa

Akwai kuma waɗanda ke can ciki, amma ba sankarar ba ce. Wurin da ya kumbura ko ya yi ƙwayar cuta yana jawo jini, iyod ya biyo jinin ya maƙale. Tarin fuka, sabo ko tsohon da ya bar tabo a huhu, yana iya fitowa kamar sankarar da ta bazu. A ƙasarmu da tarin fuka bai ƙare ba, wanda ya taɓa shan maganinsa na wata 6 ya faɗa, ko da shekara 10 ke nan. Ruɓaɓɓen haƙori, da miki, da wurin da aka yi wa ɗinki kwanan nan, su ma sukan haska.

Jakar ruwa da kan fito a ƙoda, ko hanta, ko gidan ƙwan mace, takan riƙe iyod kamar yadda tafki ke riƙe ruwa bayan damina. Miyau da aka haɗiye yakan tsaya a hanyar abinci ya zana layi a tsakiyar ƙirji, kofin ruwa ɗaya ya gusar da shi. Wanda bayan gida ya ƙi fitar masa, tabo zai zauna a hanjinsa ya yi kama da ciwo a ƙashin ƙugu. Yara da matasa suna da wata tsoka a bayan ƙashin ƙirji, timus, wadda kan ɗauki iyod ba tare da wani ciwo ba. Jefi-jefi ma hoton yakan tona wata cuta dabam da ba ita ake nema ba, kamar ƙari a huhu ko a rufin ƙwaƙwalwa, a kama ta da wuri.

To yaya ake rarrabewa? Da tambaya da wanka ake farawa, domin su ne mafi araha. Sai hoto daga gefe. Inda akwai na'urar da ke haɗa kamarar gama da sikana, takan nuna zurfin tabon da sashen jikin da yake zaune. Sai gwajin jini na wani sinadari mai suna tirogulobulin, wanda ƙwayoyin tiroyid kaɗai ke yin sa, lafiyayyu ko masu sankara. In hoto ya nuna babban tabo a huhu, jini kuma ya ce sinadarin kusan babu, likita mai hankali zai yi shakkar tabon. Kuskure a nan yana da tsada: a sake ba mutum maganin da ba ya buƙata, bakinsa ya bushe, haƙoransa su lalace, ko a yanka shi a banza, ga kuɗin da gida ya zuba.

Kada kuma a ɗauka kowane tabo ƙarya ne. Sau da yawa gaskiya yake faɗa, kuma wannan hoto na bayan magani yakan nuna wurin da duk binciken baya bai gani ba, a kaluluwa ko huhu ko ƙashi. Ko a nan ba a yanke ƙauna. Sankarar da ta fito a hoto ta sha maganin ke nan, yana cikinta yana aiki. Ƙananan ɗigo a huhun matashi sukan ɓace bayan an maimaita. Wadda ta fi ba likitoci wahala ita ce mai ɓuya: hoto fes, amma tirogulobulin na hawa. Ko dai cutar ta daina shan iyod, ko kuma jiki ya riga ya ƙoshi da iyod na yau da kullum har mai hasken bai samu wurin shiga ba.

Wannan na biyun a hannun majiyyaci yake. Shi ya sa ake cewa a rage iyod mako 1 zuwa 2 kafin magani: gishiri mai iyod, da kifin teku na gwangwani, da madara, da gwaiduwar ƙwai. Jan maganin da ake shafa wa miki, Betadine, cike yake da iyod, haka ma ruwan da ake ɗura wa mutum a jijiya kafin wasu hotunan sikana, wanda kan ɗauki makonni bai bar jiki ba. Duk wanda aka yi wa ɗayansu ya faɗa kafin a sa masa rana. Umarnin rage gishirin nan na mai jinya ne shi kaɗai, na ƴan kwanaki. Sauran gida su ci gaba da gishirinsu mai iyod, musamman masu ciki da yara.

Bayan an sha maganin, a sha ruwa da yawa, a riƙa fitsari a kai a kai, a wanke hannu da sabulu bayan tsarki. Moɗa da ludayi da kwano a ware nasa, a kwana shi kaɗai, a nisanci goyo da masu ciki har adadin kwanakin da likita ya faɗa. Ranar hoto a yi wanka, a wanke kai, a sa tufafin da ba a sa ba tun shan maganin, a zazzage aljihu, a yi fitsari kafin a hau gadon na'ura.

Aikin aji

1. An ba mutum maganin da ƙarfinsa ya kai 100. In babu abin da ya fita daga jikinsa, nawa zai rage bayan kwana 8? Bayan kwana 24 fa? Me ya sa a zahiri abin da ke jikinsa bai kai haka ba?

2. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama likita, ɗaya ya zama dattijo mai cin goro daga Kore Mairuwa wanda hotonsa ya nuna tabo a ƙirjin hagu. Likita ya yi tambayoyi biyar kafin ya faɗi ra'ayinsa.

3. Ƙanwarka tana shayar da jariri ɗan wata 8, an kuma ce tana buƙatar wannan magani. Rubuta jimla huɗu da za ka faɗa wa surukarta.

4. Kowa ya duba ledar gishirin gidansu, ya zo mana da abin da aka rubuta a jikinta a darasi mai zuwa. In a buhu ko a tiya aka auno shi, a tambayi mai sayarwa daga ina ya fito.